Sarkin Kwalabe Ya Raɗa Suna

A ƙarshen barandar ajujuwan kimiyya, bayan ɗakin gwaje-gwaje, akwai wata 'yar ƙofa mai ruwan toka wadda in ba an faɗa maka ba sai ka ɗauka ta ajiyar tsintsiya ce. Bayanta sito ne: taku shida a tsaye, huɗu a kwance, taga ɗaya can kusa da rufi, kantoci biyar jingine da bango, da kwalabe ɗari uku da goma sha bakwai. Mutumin da ya riƙe makullin ƙofar nan shekara talatin da ɗaya, ɗalibai sun daɗe da naɗa shi Sarkin Kwalabe. Malamai suka ɗauka, masu shara suka ɗauka, har ta kai in wani ya kira shi da sunansa na yanka sai ya waiga ya ga da wa ake.

Wata Litinin shugaban makaranta ya kira shi ofis ya karanta masa takarda daga hukumar ilimi. Nan da mako shida za a turo jami'a ta duba sito. Duk takardar da ke jikin kwalba mai ɗauke da tsohon suna sai an canza ta da sunan ƙa'ida, irin wanda ke cikin littattafan yanzu. Sannan za a tsayar da mai riƙe da makulli gaban kantocinsa a yi masa tambayoyi. In ya amsa, makulli nasa ne. In ya kasa, a ba mai takardar shaida, shi kuma ya koma cikin masu gyaran fili har lokacin ritayarsa ya yi, saura shekara huɗu.

"Ai kai ba ka da matsala," in ji shugaban, yana neman wata takardar a cikin aljihun tebur. "Wa ya san sinadaran nan kamarka?"

Ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya fito ya koma sito.

Abin da shugaban bai sani ba, kuma ba wanda ya sani, shi ne Sarkin Kwalabe bai taɓa zama a ajin kimiyya ko na rabin sa'a ba. Firamare ya gama, ya shiga aikin ƙarfi. Ranar da babbar mota ta kawo akwatunan kayan gwaji sabuwar makarantar, yana cikin leburorin da aka ɗauka su sauke. Shi aka ba alli ya riƙa sa wa akwatuna lamba. Malamin kimiyya na lokacin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tsaya yana kallon yadda yake zana bakwai da tara kamar an buga da inji. Washegari ya sa aka nemo shi. Ya nuna masa kantoci, ya ba shi alƙalami da gam da fararen takardu, ya ce tururin sinadarai yana cin rubutu, saboda haka duk dogon hutu sai an sake wa kowace kwalba takarda. Darasin duka guda ɗaya ne. "Abin da ka gani a tsohuwa shi za ka sa a sabuwa. Ko ɗigo kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Ba ya ɓare takardu biyu a lokaci guda. Zai sauko da kwalba ɗaya, ya kwafe sunan, ya kwafe baƙaƙe da ƙananan lambobin da ke ƙasan sunan, ya gwada su kusa da juna har sau uku, sannan ya ɓare tsohuwar ya manna sabuwar, ya mayar da ita gurbinta, ya sauko da ta kusa da ita. Sunayen kuwa haddace su ya yi, ɗaya bayan ɗaya, yadda mutum yake haddace sunayen mutanen unguwar da ya tare. A wajensa suna suna ne: wani ne can ya ga dama ya raɗa, naka ka riƙe. Kowace safiya in ya buɗe ƙofa sai ya bi kantocin yana kiran su ƙasa-ƙasa, daga sama hagu zuwa ƙasa dama. Ka ce masa feros salfet, kafin ka rufe baki yana hannunka. Ka tambaye shi me ya sa ake kiransa haka, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi me ya sa ake ce wa akuya akuya.

To, ga shi yanzu an ce duk a canza, ko kusan duk. Malamar kimiyyar da ke nan sabuwa ce, zangon nan ta zo, yarinya ce da ba ta kai 'yarsa ta biyu ba. Ya je mata da fuskar wanda ya san komai, ya ce ta ɗan rubuto masa jerin sababbin sunayen nan, don kawai ya tabbatar. Ta bugo masa a takarda shafi tara. Ya sayi littafi mai layi, ya raba kowane shafi biyu, tsohon suna a hagu, sabo a dama, ya ɗaura ɗamarar hadda.

Kan ɗan shekara hamsin da shida ba kan ɗan ashirin da biyar ba ne. Ya zuba goma da safe, la'asar ta yi ya tarar saura uku, su ma sun yi musayar riguna. Wasu sunayen da lambobi a tsakiyarsu, biyu, uku, huɗu, ba ya ganin dalilin da ya sa wannan ya samu biyu wancan ya samu uku. Da yamma in ya dawo gida sai ya ja kujera gindin bango, ya buɗe littafi a cinya yana ta ƙunƙuni.

Matarsa tana kwashe shanya ta tsaya da zane a kafaɗa. "Malam, wai aljanu kake kira ko me? Kwana takwas ke nan ina jin ayid, ayid. In bashi ne ka faɗa mini, in kuma ciwo ne mu tafi asibiti."

"Karatu nake yi."

"Da gemun?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"Ba ya hanawa, amma na ga yana rage masa gudu." Ta ninke zanen, ta dube shi da kyau, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta sassauta murya. "Ka tambayi malamar mana. Ai matambayi ba ya ɓata."

Nan ne gizo ke saƙa. Ya tambaye ta me? Ya ce mata mutumin da makaranta duka take kira sarki bai san abin da yake mulki ba? Kunya ce ta riƙe shi, kunya irin ta manya, wadda ta fi ta yara nauyi don an daɗe ana tara ta. Mako biyu suka tafi a haka. Ya rame, ya daina tsokanar masu shara.

Ranar wata Laraba bayan an tashi, yana zaune a kan kujerarsa marar jingina a bakin sito, ya rufe ido yana maimaita shafi na uku, bai ji shigowar Malama ba. Ta zo ɗaukar jakarta ne. Da ya buɗe ido ya gan ta tsaye a kansa tana karanta littafin a juye.

"Baba, haddace su kake yi? Duka ɗari ukun?"

Ya so ya ce a'a. Bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. "To ya ake yi da su, Malama, in ba a haddace ba?"

Ta ajiye jakar. "Ba haddace su ake yi ba. Gina su ake yi."

"Da bulo ko da laka?"

Ta yi dariya, ta ɗauki alli, ta je allo ta zana baƙaƙe huɗu waɗanda ya kwafa ya fi sau talatin a rayuwarsa. Ta ce, "Wannan da ke ƙasan kowane suna, me ka ɗauke shi?"

"Tambarin kamfani."

Ta daina dariya. Ta daɗe tana kallonsa, ba kallon raini ba, kallon wanda ya ga mutum ya ɗauko buhu a ka daga kasuwa alhali ga baro a ƙofar gidansa. Sannan ta jawo masa kujerar ɗalibai ta gaba. Ya zauna, gwiwoyinsa suna bugun tebur.

Ta ce duk abin da ke duniya, da ƙasa da ruwa da iska da shi kansa, daga asalai ɗari da 'yan kai aka haɗa su, kuma waɗanda ke cikin sitonsa ba su kai talatin ba. Kowane asali yana da suna da gajeriyar alama. Baƙaƙe biyun farko a allo alamar wani ƙarfe ne, sodiyam. Biyun ƙarshe alamar wata iska ce, kulorin. In ƙarfe ya haɗu da abin da ba ƙarfe ba, ƙarfen ake fara kira, da sunansa cikakke. Abokin haɗinsa ya biyo baya, a yanke masa wutsiya a sa masa ayid.

"To haɗa mini, Baba."

Ya lashi leɓe. "Sodiyam... kulorayid." Ya ɗago kai da sauri. "Kanta ta ɗaya, ta shida daga hagu."

"Shi ne. Gishirin da ake sawa a abinci."

Ta goge, ta rubuta wani. Ta ce wannan kalsiyam, wannan oksijin. Ya ce kalsiyam oksayid, kanta ta biyu, murfinta baƙi. Ta rubuta na uku, ya faɗa. Na huɗu, ya faɗa tun ba ta sauke hannu ba. Sai ta rubuta wani, ta ce wannan litiyam, wannan buromin.

"Litiyam buromayid." Ya bi kantocinsa a zuci daga sama har ƙasa. "Malama, ba ni da wannan. Ban taɓa ganinsa ba."

"Na sani. Amma ka kira sunansa, kuma daidai ka kira."

Ya dubi allon, ya dubi hannunsa, kamar ɗayansu ne ya yi masa dabo. Bai taɓa jin sunan nan daga bakin kowa ba, bai taɓa kwafarsa ba, ba ya cikin shafi tara ɗin nan, amma ga shi ya fito daga bakinsa, kuma ba ƙarya ba ne. Ya tambaye ta, in wani can a bangon duniya, wanda ba ya jin yarensa, ya ga baƙaƙen nan, me zai ce? Ta ce abin da ka ce, sai dai harshensa ya ɗan lanƙwasa shi. Ya tambaye ta, in abin ba a taɓa haɗa shi ba fa, ba wanda ya taɓa riƙe shi? Ta ce sunansa na nan yana jiransa, duk ranar da aka haɗa shi ba sai an yi shawara ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wato suna ya riga mai shi zuwa duniya."

Mamaki ne ya cika shi, mamaki mai tsoro-tsoro a ciki. Da ya koma ya rufe sito ranar, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Shekara talatin da ɗaya kwalaben nan suna faɗa masa abin da ke cikinsu, a rubuce, da rubutun hannunsa, shi kuwa yana gaishe su yana wucewa.

Daga ranar, kullum bayan an tashi sai su yi rabin sa'a. Ya haddace asalai talatin a kwana uku, abin da ya zame masa kamar shan ruwa bayan dakon ɗari uku. Ta nuna masa cewa akwai waɗanda ke tafiya a ƙungiya ba sa rabuwa, kamar farar wuta ɗaya da oksijin huɗu, su ake kira salfet. Ta nuna masa cewa in babu ƙarfe a haɗin, ƙirga su ake yi a cikin sunan: kabon da oksijin biyu, dayoksayid, iskar da yake fitarwa in ya yi numfashi, kabon da oksijin ɗaya, monoksayid, wadda ke kashe mutum in ya rufe ɗaki da garwashi. Ya kama baki. Ashe tsakanin numfashi da mutuwa ƙwaya ɗaya ce, kuma an rubuta ta a goshin sunan don kada wani ya ce ba a faɗa masa ba.

Lambobin da suka hana shi sakat su ma suka kwance. Ta ce wasu ƙarafa hannunsu ba ya canzawa, ba sai an faɗa ba. Wasu kuwa, kamar baƙin ƙarfe wanda ake kira ayon, wani lokaci da hannu biyu yake kama abokin haɗinsa, wani lokaci da uku, saboda haka dole a faɗi wanne ne. Abin da ya sani da feros shi ne ayon biyu, ferik kuma ayon uku. Kuma ido ma yana iya gane su: ayon biyu salfet kore ne, kore mai haske, na uku kuwa ya fi karkata ga rawaya da ruwan ƙasa.

A gida ƙunƙunin ya koma surutu. Ya ɗauki gwangwanin gishiri ya faɗa wa matarsa cikakken sunansa. Ya nuna tsatsar ƙofa ya ce ayon uku oksayid ce, da ɗan ruwa a jikinta.

"To sannu," ta ce. "Da ka san sunanta sai ta daina cin ƙofar?"

"Ba za ta daina ba. Amma yanzu na san wa ke ci."

Ya shiga sauya takardu, kwalba ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, sai dai yanzu ba ya duba jerin Malama sai bayan ya gina sunan da kansa. Saura kwana biyar jami'a ta zo ya iso kanta ta uku. Ya sauko da wata babbar kwalba, tsohuwar abokiyar zama, wadda ake ɗiba a cikinta duk shekara in ɗaliban aji biyar za su yi gwajin gane ƙarafa. Takardarta ta ce feros salfet. Ya ɗauki alƙalami ya fara: ayon biyu. Sai hannunsa ya tsaya.

Abin da ke cikin kwalbar ba kore ba ne. Ruwan ƙasa ne, ya dunƙule, da rawaya-rawaya a gefe. Ba yau ya fara ganinsa haka ba. Ya tuna lokacin da yake kore shar, ya tuna yadda ya riƙa dusashewa shekara bayan shekara, bai taɓa damuwa ba, don a ganinsa tsufa ne, kuma mutum in ya yi furfura ba a sake masa suna. Ya juya murfin, ya ga wata siririyar tsaga da ta bi gefensa.

Da aka tashi ya tambayi Malama, yana kallon wani waje, kamar tambayar ba ta da mai ita. Shin ayon biyu zai iya komawa ayon uku yana zaune, ba wanda ya taɓa shi?

"Sosai ma. In iska na shiga, oksijin ne ke mayar da shi, sannu a hankali. Shi ya sa ake toshe shi da kyau. Me ya faru?"

"Ba komai. Tambaya ce."

Ba tambaya ba ce kawai. Ya koma sito ya zauna, abubuwa suna dawo masa. Malamin da Malama ta gada mutum ne mai duba littafi fiye da duba kwalba. Kowace shekara zai ce wa ɗalibai in sun ɗiga ruwan soda, irin ta yin sabulu, a kan sinadarin nan za su ga kore. Kowace shekara wasu za su ɗaga hannu su ce su ja-ja suka gani. Malamin ya ce ba su wanke kwalaben gwajinsu ba, ƙazamai, ya rage musu maki. Masu wayo suka koyi rubuta kore ko me idonsu ya gani. Shi kuwa Sarkin Kwalabe yana tsaye a bayan aji da tsumma a hannu, yana taya malami jin haushin yaran, don shi ya san abin da ya ba su: ai ga sunan nan a jiki. Shekara nawa? Ya ƙirga daga lokacin da koren ya tafi. Ba za su kasa goma ba. Baƙin ciki ya kama shi, ga kuma mamakin da ya ƙi barinsa ko a nan: yaran gaskiya suka gani, sinadarin gaskiya ya nuna, takardarsa ce kaɗai ta yi ƙarya.

Ya faɗa wa matarsa da yamma. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Wa ya sani bayan kai?"

"Ba kowa."

"To ka tura ta can baya, bayan manyan. Kwalba ɗari uku, wa zai bi su ɗaya-ɗaya? In matar nan ta tafi ka zubar. Malam, shekara huɗu ta rage maka. Da wannan bayan naka za ka koma yankan ciyawa?"

Maganarta ba ta wauta ba ce. Barin sinadari ya lalace shekara goma laifin mai sito ne, ba na kowa ba, kuma irin abin da aka turo jami'ar ta nemo ke nan. Washegari ya ɓare tsohuwar takardar, ya kasa manna wata. Ya tura kwalbar can ƙuryar kanta ta uku, bayan manyan, tsirara.

Jami'ar ta iso ranar Talata da hantsi, mace mai jiki, da tabarau rataye a wuya da fayil a hammata, irin mutanen da suka duba sito ɗari sun gaji da jin ƙarya. Shugaban makaranta ya rako ta ya koma. Malama ta tsaya a bakin ƙofa. Jami'ar ta bi kanta ta ɗaya da yatsa, ta yaba rubutun. Ta rufe sunan wata kwalba da tafin hannu, ta bar baƙaƙen ƙasa, ta ce ya faɗa. Ya faɗa. Ta sake, ya sake. Ta buɗe fayil ta zana masa wani haɗi da ba ya cikin siton, ya dube shi, ya ƙirga hannuwa a yatsunsa, ya ce na jan ƙarfe ne, kofa ɗaya oksayid. Ta sa tabarau ta dube shi.

"Baba, a ina ka yi karatu?"

"A nan, ranki ya daɗe. Ban cika wata ɗaya ba."

Ta yi murmushi, ta ɗauka raha ce. Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta leƙa kanta ta huɗu da ta biyar sama-sama, ta rufe fayil, ta soke alƙalami a jaka. An gama. Malama ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. Abin da ya rage masa kawai ya ce a sauka lafiya.

"Ranki ya daɗe, saura ɗaya."

Shi kansa bai san lokacin da ya faɗa ba. Ya miƙa hannu can ƙurya, ya zaro ta, ya dire a kan tebur. Jami'ar ta dubi kwalbar, ta dubi inda takarda ya kamata ta kasance.

"Mene ne wannan?"

"A rajista feros salfet ne. Shekara talatin ina rubuta masa haka. Na zo zan sa masa ayon biyu, hannuna ya ƙi. Murfin ya tsage, iska ta shiga, ban kula ba. Na ga ya canza launi na ɗauka tsufa ne." Ya haɗiyi yawu. "Ya fi shekara goma ina ba yara shi da wancan sunan."

Malama ta dafe baki. Jami'ar ta matso kusa da tebur. Ta ajiye jakarta, ta ce a ba ta kwalbar gwaji da ruwa mai tsabta da ruwan soda. Ya kawo. Ta ɗebi kaɗan ta narkar, ta girgiza, ta tsiyaye ruwan saman a wata kwalbar, ta ɗaga ta saitin taga, ta ɗiga soda. Ɗigo na farko ya faɗa, wani gajimare ja mai ruwan tsatsa ya buɗe a cikin ruwan yana sauka a hankali, can ƙasa da ɗan dishi-dishin kore. Su uku suka tsaya suna kallo. Ya sha ganin wannan jan a hannun yara, amma yau ne ya fara ganinsa yana sane da abin da yake cewa.

"Ka san dole in rubuta wannan a rahoto," in ji jami'ar.

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ka kuma san da ka yi shiru da ban gani ba."

"Na sani."

Ta daɗe tana juya kwalbar gwajin a yatsunta. Sannan ta zaro alƙalaminta daga jaka, ta jawo farar takarda ɗaya daga cikin nasa, ta tura masa su duka biyu.

"Kwalba ba za ta zauna haka ba kafin a zo kwashe ta. Sa mata suna."

Ya duba hagu, ya duba dama. Babu tsohuwar takardar da zai kwafa, babu jeri, Malama ma ta kawar da kai. Ya zauna a kujerarsa marar jingina, ya gyara takardar, ya rubuta da rubutun nan nasa mai kama da bugun inji: ayon uku salfet, gauraye da ragowar ayon biyu. A ƙasa ya ƙara: ya lalace, kada a ba ɗalibai. Ya shafa gam, ya manna, ya danne da babban yatsa. A duk takardun da ya rubuta a ɗakin nan, dubbai, wannan ce ta farko da bai kwafa daga hannun kowa ba, kuma sunan kuskurensa ne a jikinta.

Jami'ar ta karanta, ta sake buɗe fayil. Ta rubuta layi biyu a kan kwalbar, ba ta rage masa komai ba. A layi na uku, inda aka tambaya ko mai sito ya cancanci ci gaba da riƙe shi, ta rubuta kalma ɗaya ta sa hannu, ta juya fayil ɗin don ya gani. Ya karanta, ya sake karantawa, idonsa ya kawo ruwa, ya share da bayan hannu ba tare da ya ɓoye ba.

Da ta tafi, Malama ta ce ya je ya huta, yau ya sha aiki. Ya girgiza kai. Ya tambaye ta yaushe 'yan aji biyar za su yi gwajin gane ƙarafa. Ta ce mako mai zuwa.

"In kin yarda, Malama, ki ba ni minti biyar kafin ki fara. Zan kawo musu wannan su gani, in faɗa musu wanda ya yi. In sun ga ja, su rubuta ja."